Dawowar Dabo

Shekara shida Badi'a ta yi tana rubuta labarin Dabo. Malamar Hausa ce a wata makarantar 'yan mata a Garo, amma a Getso take zaune tare da mahaifiyarta tun bayan rasuwar mijinta. Duk ranar Juma'a bayan la'asar takan tura sabon kashi a zauren WhatsApp, inda mata sama da ɗari biyar ke jira, daga Kabo zuwa Gwarzo, har da waɗanda aure ya kai Kaduna.

Labarin wani direban babbar mota ne da ya ɗauki lodin wake zuwa kudu bai dawo ba. Badi'a ta kai shi Fatakwal, ta sa aka ɗaure shi bisa kuskure, ta fito da shi, ta kwantar da shi jinya, har gyaran janareta ta koya masa. Gida ne kawai ta kasa kawo shi.

Masu karatu suka fara ƙosawa. Wata ta rubuto: "Anti Badi'a, don girman Allah ki ƙarasa mana. Ina amarya na fara bin labarin nan, yanzu 'yata ta shiga makaranta."

Ba su san Dabo yayanta ba ne, Tasi'u, wanda ya bar Getso shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Daga Lokoja ya yi waya ta ƙarshe. Kafin Badi'a ta tura kowane kashi sai ta karanta wa Inna. Ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, amma Dabo kam tana kiransa baki sake. "Yau kuma ina Dabo ya kwana?"

Malama Hanna, 'yar Filato mai koyar da lissafi, ita kaɗai ta san wannan. A ofishin malamai Badi'a ta miƙa mata wayar.

"Ƙarshe uku na rubuta. Na kashe shi, na goge. Na dawo da shi, na ji kamar ƙarya zan yi wa Inna. In na bar shi a hanya kuma matan nan ba za su yafe mini ba."

"Kin tambayi Inna?"

"Da wane bakin?"

Sai da ta yi mako biyu tana juya maganar. Ran wata Asabar da hantsi ta tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake, ta zauna kusa da ita.

"Inna, an dame ni in rufe labarin nan. Ban san yadda zan yi da shi ba."

Inna ba ta ɗago ba. "Tun kashin farko na gane shi, Badi'a. Wa ke tsiyaye ruwan koko ya bar gasarar in ba shi ba?" Ta jefar da wata tsakuwa. "Ki kawo shi gida. Kada ki ba shi mota, kada ki yi masa aure. Ya zo kawai. Da rana, yadda zan gan shi sosai."

Haka ta rubuta, shafi biyu kacal. Dabo ya sauka a tashar Gwarzo da jaka guda, ya hau acaɓa, ya tsaya a ƙofar gida ya kasa yin sallama, sai da uwar ta ji tarinsa. Da Badi'a ta kai nan a karatu sai ta dakata. Inna ta ce, "Ci gaba." Da aka gama ta miƙe ta shige ɗaki, ta saki labule.

Zauren ya kaure. Wasu suka ce sun yi kuka. Wasu suka ce an cuce su: shekara shida, ba biki, ba bayanin abin da ya hana shi waya?

Ranar Litinin Hanna ta tare ta a bakin aji.

"To, marubuciya, kin sauke kaya. Yaya kika ji?"

Badi'a ta kalli filin makaranta.

"Da, duk mako na san garin da yake, tunda ni nake kai shi," ta ce. "Yanzu ban san inda yake ba, Hanna."

Hanna ta riƙe hannunta. Aka kaɗa ƙararrawa, Badi'a ta share ido da gefen mayafi ta shiga aji.