Tawul a Kan Caja

Kaka ba ta barin abu mai daraja a buɗe. Rediyonta da mayafinsa, keken ɗinkin ɗanta da nasa, har madubin ɗaki sai da ta rataya masa ƙyalle.

Ranar jarrabawar lissafi, wadda jikarta Auta ta faɗi bara take maimaitawa, yarinyar ta tarar da lambobin kalkuletarta sun dusashe. Ta ciro ƙananan baturan biyu ta duba jikinsu yadda malaminsu ya koya musu: masu ɗaukar caji ne, iri ɗaya, tare aka saye su. Ta jera su a caja, ta jona a bango, ta ajiye a kan tebur inda iska ke ratsawa. Sai da rana za a shiga jarrabawar, don haka ta koma tsakar gida da littafinta.

Warin roba ne ya dawo da ita ɗakin. A kan tebur babu caja, sai tawul mai kauri an ninke shi an lulluɓe ta ruf.

"Kaka! Wa ya rufe wannan?"

"Ni mana. Kin bar abu tsirara kamar marar gata, yana ta ƙyafta mini jan ido."

Auta ta fara kashe wutar daga bango kafin ta ɗaga tawul ɗin. Cajar ba ta taɓuwa don zafi. Batir ɗaya ya kumbura, fatarsa ta tsage, wani farin abu na tsattsafowa. Kaka ta miƙa hannu.

"Kar ki taɓa! Yana cin fata."

Da tsumma Auta ta kwashe baturan ta kai waje kan siminti.

"To ki sa mai lafiyar, ki haɗa masa da na rediyona," in ji Kaka, muryarta ta yi ƙasa.

"Shi ma ya sha zafi, ban yarda da shi ba. Kuma ba a gauraya su. Naki ma sun yi girma."

Kaka ta juya. Ta shiga ɗakinta, ta jima, ta fito da 'yar tocilan da take duba ƙwayoyin maganinta da ita. Baturanta ƙanana ne, na yau da kullum, kuma an daɗe ana mora. Auta ta sa su duka biyun a kalkuletar. Lambobi suka fito, amma shara-shara, kamar rubutun fensir da aka goge.

"Za su kai ki, 'yar nan?"

"Ban sani ba, Kaka. Kashe ta zan riƙa yi tsakanin tambaya da tambaya."

Ta sa kalkuletar a jaka, ta ɗauki takalmanta. A bakin ƙofa ta waiwaya. Kaka na tsaye gaban rediyonta, ta yaye mayafin, tana taɓa bayansa da tafin hannu.