Rodin Baranda

Sandar sabulun wankin uwarta ta ɗauko, ta ɗora a bakin tebur, rabi a kan katako, rabi a iska. Mai Rodi yana zaune, ƙurar siminti har cikin girarsa, yana hararar 'yar tasa.

Tun a wurin aiki suka soma musun. Abinci ta kai masa benen da yake ɗaura wa rodi. Da ta hau sama sai ta tsaya a kan doguwar barandar da ta leƙo titi ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, ta ga ƙarfen a kwance can ƙasa, daf da katakon da za a zuba kankare a kai. Ta ce a sama ya kamata ya zauna. Ya ce tun ba a haife ta ba yake wannan aiki, kuma ko jariri ya san nauyi ƙasa yake yi, don haka a ƙasa ake tare shi. Leburori suka kwashe da dariya, wani ya ce ashe karatun injiniya har da koya wa uba sana'arsa. Ta bari sai da suka zo gida.

"Baba, danna bakin nan."

Ta dafe rabin da ke kan tebur, ya danna da babban yatsa. Sabulun ya tsage, amma daga sama. Ta ɗora ragowar a kan kofi biyu ta ce ya danna tsakiya. Wannan karon daga ƙasa ya buɗe. Ta ce kankare jarumi ne in an matse shi, rago ne in an ja shi, rodi kuwa aikinsa ya riƙe wurin da ake ja.

Bai sallama da wuri ba. Ya tambaye ta barandun da ya ɗaura a baya, me ya hana su faɗuwa? Ta tambayi tsawonsu, ya gwada da hannu, ta ce gajeru ne, sa'a ce ke riƙe da su. Ya jefo wata tambayar a kan kaurin rodi, ta ce wannan ba ta da tabbas, sai ta duba. Nan ta gama da shi. Bai taɓa jin mai takarda ya ce bai sani ba.

"To, malaman kimiyya," in ji uwar daga bakin ƙofa, "gobe da iliminku zan yi wanki?"

* * *

Da safe ya sami ɗan kwangila ya ce sai an kwance an ɗaga ƙarfen kafin a zuba. Mutumin ya nuna masa injin kwaɓa da aka riga aka ɗauko haya, ya ce injiniyan aikin ya buga hatiminsa tuni. Mai Rodi bai taɓa ganin ƙafar injiniyan nan a wurin ba. Ya soma kawo wa ɗan kwangilar misalin sabulun.

"Sabulu? Da sabulu za ka tsayar mini da aiki, tsoho?"

Ya san in ya sauka daga benen nan, ya sauka daga duk ayyukan mutumin. Ya tattara wayar ɗaurinsa da filaya, ya sauka. Kafin rana ta take an zuba kankaren.

* * *

Yanzu murfin kwalbati yake ɗaurawa, in an samu. Duk yaron da ya zo koyon aiki, sai ya aike shi sayo sandar sabulu tukuna, ya ce darasin 'yarsa ne.

Bene ya sha fenti, 'yan haya sun cika shi. Ya taɓa hawa ya yi musu bayani, suka ce ai an faɗa musu, shi ne wanda aka kora yake baƙin ciki.

Ran nan ya bi ta titin. Wata mata tana shanya a barandar, yara biyu suna tsalle a gefenta. Ya ɗaga kai ya daɗe yana dubawa. Daga ƙasa sumul take, ko layi babu. Ai tsagewar ba daga ƙasa take somawa ba.