Ƙurar Motar Vernon

Shekara arba'in da ɗaya Harlan Stuckey ya yi yana roƙon yayansa Vernon ya ba shi motar nan ya tayar da ita, amsar kuwa ba ta taɓa canzawa ba: "Bar min abata, ni zan gyara in na samu sarari." Sararin bai samu ba har mutuwa ta ɗauke Vernon a watan Maris. Ya tafi ya bar Chevelle ƙirar 1970 a cikin tsohon sito na bayan gonar masara, inda ya tura ta tun ranar da ta fara yoyon mai.

Duk kudancin Indiana an san hannun Harlan. In ya fesa wa mota fenti, mutum zai iya tsayawa a gefenta ya aske gemunsa kamar a madubi. Ya tayar da motocin likitoci da na lauyoyi, waɗanda ba su san inda ake zuba wa mota ruwa ba, amma wadda ya koyi tuƙi da ita, wadda ya san kukan injinta tun yana ɗan shekara goma sha biyar, ita ce bai taɓa ɗora wa sifana ba. Abin yana cin ransa, kuma ba ya ɓoyewa.

Yanzu motar ta zama ta Darla, 'yar Vernon tilo. Ta gaya masa wani dillali daga birni zai zo ranar Asabar ya duba ta, ya faɗi darajarta. Harlan ya ce to, duk abin da aka faɗa shi zai saya, ko da zai sayar da garejinsa. Ba abin da yake so illa ya ji injin nan ya tashi kafin shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Ranar Asabar da sassafe ya iso da bokiti biyu da sabulu da tsummoki, ya ja tiyo daga famfon gona. A ganinsa ba daidai ba ne baƙo ya zo ya ga ƙazantar gidansu.

Da ya tura ƙofar siton sai da ya ja da baya. Zarnin fitsarin ɓera ya daki hancinsa har idanunsa suka kawo ruwa. Motar tana durƙushe a kan tayoyi huɗu da suka sace suka tsage. Tantabaru sun mayar da rufinta masai, kashinsu ya taru ya daskare ya yi tudu. Ɓeraye sun cinye kujerar baya, sun yi gida da audugar, sun haihu sun mutu a ciki. A wurin ajiye ƙafa na gaba akwai mushen kyanwa, ya bushe ƙayau, haƙora a waje.

"Tir da kai, Vernon," in ji Harlan, yana toshe hanci da hularsa. "Allah ya jiƙanka, amma tir da kai."

Ya fara da gefen direba. Ya jiƙa, ya bari ya jiƙu, ya shafa a hankali don kada yashi ya karce fentin. Baƙin ruwa ya rinƙa gangarowa kan takalminsa. Can sai jan ya fito, jan nan na asali da baƙin layi a kan bonet, bai koɗe ba ko kaɗan. Harlan ya tsaya da tsumma a hannu yana kallo. Ya wanke rabin bonet da gefe guda zuwa ƙofa, sai ya ji ihu a bayansa.

"Kai! Kai! Kai! Dattijo, tsaya! Me kake yi haka?"

Wani mutum ne siriri mai farar riga, da takalmi mai tsini irin na waɗanda ba su taɓa taka kashin shanu ba. Darla na biye da shi da gudu.

"Baffa! Wayyo Baffa, me ka yi?"

"Wanka nake mata. Ko kin ga ina yin wani abu?"

Mutumin ya dafe kai da hannu biyu yana zagaya motar. Shi ne dillalin, Trent Mabry. "Shi ke nan, ya kashe mu. Darla, ban ce miki ko numfashi kada a yi a kusa da ita ba?"

"Na manta ban gaya masa ba. Ina zan san zai riga mu zuwa?"

"Malam," in ji Harlan, "kashin tsuntsu na wanke, ba gilashi na fasa ba."

"Ai gara ka fasa gilashin! Gilashi ana sayarwa a shago. Ƙurar shekara arba'in a wane shago za ka samo min ita?"

Harlan ya san da wannan sabon yayin, yana ganinsa a wuraren gwanjo yana kau da kai. Masu kuɗi sun gaji da motoci masu ƙyalli, yanzu wadda aka tsinto a sito suke so, da dattinta da yanarta, shaidar cewa ba wanda ya taɓa ta. Bai taɓa zaton wannan hauka zai biyo shi har gida ba.

"To wa zai saya?" ya tambaya.

"Wani babban mutum ne. Ya ga hotunan da Darla ta aiko, ya ce yana so yadda take. Yana da irinta goma sha ɗaya a ɗakin gilashi, kowace da dattinta."

"Da mushen kyanwar zai ɗauka?"

"Kyanwar ce ma ta fi burge shi."

Harlan ya tofar da yawu. "Zai dai tuƙa ta?"

Trent ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Tuƙi? Iska ta kwashe masa ƙura? Dattijo, ko makulli ba za a murɗa ba. Man da ke cikin injin nan ma na asali ne, ba mai zubar da shi."

"Wato kabari zai saya mata mai taga."

"Kira shi abin da ka ga dama. Ni dai yanzu rabin mota gare ni mai datti, rabi mai tsabta, ba ta shiga nan ba ta shiga can. In ya ga haka ya fasa."

Harlan ya ji wani sanyi a ransa. Tiyon yana hannunsa, ruwa na zuba. Minti goma kacal, ya wanke ta tas, babban mutum ya fasa, motar ta koma tsohuwar mota mai buƙatar gyara, irin wadda shi zai iya saya. Ya ɗaga tiyon kaɗan, Darla kuma ta gani.

"Baffa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ban so in gaya maka a gaban baƙo ba. Ni kaɗai ba zan iya riƙe gonar nan ba. In motar ta tafi da ƙurarta, gona ta tsaya. In kai ka saya a wanke, ko ka sayar da garejinka ba zai kai ba, sai na sa gonar Baba a kasuwa. Ban ce dole ba. Ka yi yadda ka ga ya dace."

Da ta yi masa tsawa da ya fi masa sauƙi. Ya daɗe yana kallon jan fentin nan. Sannan ya je ya rufe famfo.

Trent bai ɓata lokaci ba. Ya durƙusa ya damƙo ƙasar daɓen siton ya watsa a kan bonet. Ta zube guda-guda, da ƙaiƙayin masara da tsakuwa, wani wuri tuli wani wuri fayau. Ya ƙara watsawa, ya shafa da tafin hannu, sai ga sawun yatsu biyar. Harlan ya kau da kai, ya sake dubawa, ya kuma kau da kai. Shekara arba'in da biyar yana sana'a, idonsa bai taɓa iya jure aikin banza ba.

"Matsa can," ya ce. "Ko makaho ya shafa ya san yau aka zuba wannan. Ƙurar ƙasa daban, wadda ta sauko daga sama daban. Darla, kawo min rariyar garinki, da sukari, da abin fesa ruwan guga."

Ya sake wanke wurin, ya bari ya bushe. Ya jiƙa sukari ya fesa sama-sama don ƙura ta kama. Ya hau tsani da gwiwoyinsa masu ciwo, ya sharo ƙura mai laushi daga kan katakon rufi, ya tsaya daga sama yana tankaɗe ta a rariya. Ya zuba, ya jira, ya fesa, ya ƙara, har sau bakwai, yana kauri wajen gindin gilashi inda iska ba ta kaiwa. Ya kankaro kashin tantabara ya dama a gwangwani, ya rinƙa ɗigo shi daga daidai inda tsuntsayen ke kwana don ya fantsama yadda ya kamata. Da ya sauko ya sa Darla ta kamo kyanwar gida, suka ɗora ta a bonet ta taka ta wuce.

Rana ta yi tsaka kafin ya gama. Jan ya ɓace gaba ɗaya. Trent ya fito da wayarsa yana gwada tsohon hoto da abin da ke gabansa, ya duba nan ya duba can, ya kasa gane inda aka wanke.

"Wallahi dattijo kai gwani ne," ya ce. "Ban taɓa ganin hannu irin naka ba."

"Rufe min baki."

Da la'asar aka kawo tirela mai rufi. Maza huɗu da safar hannu suka tura motar a hankali, ba mai taɓa jikinta sai ta taya, Trent na ta faɗin a yi a hankali da mushen kyanwar. Darla ta rungume baffanta tana kuka tana godiya, ta ce ya shigo ya ci kaza, ta soya. Ya ce ba ya jin yunwa.

Kafin su ja ƙofar tirelar Harlan ya leƙa ciki, ya bi bonet ɗin da ido daga wannan gefe zuwa wancan, yana neman kuskure ko guda ɗaya da mai saye zai gani ya dawo da ita. Ya duba da idon da ya yi shekara arba'in da biyar yana kama laifin aikin wasu. Babu. Ya ji ƙyamar kansa har cikin ƙashi, don a duk motocin da suka bi ta hannunsa ba wadda aikinta ya kai wannan kyau.