Madam Ta Ƙi Mutuwa

A farkon zaman Nasara a Damagaram, lokacin da aikin tilas yake bin gari gari kamar ƙyanda, an ɗebo mazan Tirmini aka kawo Zinder. Wasu aka ba su fasa dutse, wasu dakon tubali. Nomau, manomi ɗan manomi, mai gona guda da mata guda, shi aka ba reno.

Abar renon shuka ce. Tun daga bakin teku aka ɗauko ta a ka, cikin tukunya, da rumfar tabarma a samanta, gatan da ba a yi wa masu dakonta ba. Tana zaune a babban ɗakin Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ta naɗe wata sanda da aka kafa mata, tana miƙa tana neman azara. Ganyenta faɗin faifai, duk huji, kamar fara ta ci ta rage. Kumandan bai zo da mata ba, saboda haka ma'aikatan gidan suke ce mata Madam.

Ranar farko Nomau ya zagaya ta, ya dubi Alkasum tafinta.

"Malam Alkasum, me take haifa?"

"Ba ta haihuwa."

"Ganyen fa, ana miya da shi?"

"Ɗanɗana mana, in kana son leɓe irin na raƙumi."

"To maganin me take yi?"

"Maganin kewa. Kewar Kumandan, ba taka ba."

Daga nan Alkasum ya jero masa dokoki. Madam tana son haske amma ba ta son rana, don haka da hantsi a rufe tagogi. A riƙa goge mata ganye da farin ƙyalle mai laima, ɗaya bayan ɗaya. A ba ta ruwa safe da yamma, kuma ba na rijiyar unguwa ba mai ɗanɗanon kanwa, sai na rijiyar nan mai zaƙi, wadda mata suke yini a bakinta suna jiran ta tsatso. Kullum soja yake raka Nomau can da bulala, ya kore mata gefe. Nomau ya ja guga kansa a sunkuye, mata sa'o'in uwarsa suna kallonsa da tuluna wayam.

Duk da wannan gata Madam ba ta da lafiya. Ganyenta yana rawaya yana langaɓewa, tukunyar tana tashin warin fadama. Kumandan kuwa mutum ne mai ilimi, ya san cewa duk abin da ya ƙi gyaruwa, a ƙara masa abin da ake ba shi. Haka yake yi da bulala, haka ya yi da ruwa. Aka ƙara na azahar.

Bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ga Kulu matar Nomau ta zo da ƙafa daga Tirmini. Suka tsaya a bayan katanga.

"Maigida, kowa ya share gonarsa, wasu har sun yi binne. Tamu ce kaɗai take tsaye da kara."

"Na sani."

"A gari an ce wai ganye kake wa wanka."

"Wa ya ce?"

"Kowa. Ni ko bayan kunne ba ka taɓa goge mini ba." Ta gyara ɗaurin zane. "Iri yana nan, ban taɓa shi ba, ko da yara suka yi kuka. Amma in ruwan fari ya sauka ba ka nan, ni kaɗai ba zan kai rabin gonar ba. Ka san abin da rabi yake ciyarwa."

Ya sani sarai. Bayan ta tafi ya sami Alkasum a inuwar barga.

"Malam, masu fasa dutse an ce za a sake su su je shuka. Ni fa?"

"Dutse yana iya jira. Madam ba ta iyawa."

"In ta mutu fa?"

Alkasum ya duba hagu da dama. "In an ga hannunka, kaso. In ta mutu don kanta, ikon Allah ne. Zai yi zagi da yarensu, in fassara maka rabi, ya kore ka."

A makon nan Kumandan ya tafi rangadi wajen garin Dogo. Nomau ya zauna ya yi tunani. Sara za a gani, wuta za a gani, akuya kuma ba ta shiga ɗakin Kumandan. Saura kisa ɗaya, wanda ya fi sani. Ya ga gero ya mutu da ƙishi yana tsaye, ya ga wake ya ƙone a kunya. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an ce ruwa ya yi wa wani tsiro yawa ba. Wanda ya faɗi haka a Tirmini, rubutu za a nema masa ya sha.

Saboda haka ya yanke wa Madam ruwa. Rijiya dai yana zuwa, tunda soja yana kallo, amma in an dawo sai ya zagaya ta bayan gida ya juye wa matan unguwa a tulunansu, suna sa masa albarkar da yake jin kunyar amsawa. Tagogi yana rufewa a kan lokaci, ganye yana gogewa a gaban kowa, don kada a ce ya yi sakaci. Yana goga yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Ke da ba ki haihuwa, ba ki miya, kina shan abin da ya fi ƙarfin mai jego. To ki sha iska."

Warin tukunyar ya ɗauke. Nomau ya ce ajali ya matso. Ganyen da ya langaɓe ya ɗaga kai. Nomau ya ce ai mai mutuwa yakan ɗan farfaɗo kafin cikawa. Ranar nan da safe ya tarar da sabon ganye a naɗe kamar tabarma, kore shar. Kafin ya gama jin haushin wannan wani ya fito, reshe kuma ya kai azara ya riƙe.

"Wace irin mara kunya ce wannan?" in ji Nomau.

Da Kumandan ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya tsaya a gabanta yana ta surutu, idonsa ya kawo ruwa. Mutanen da suka ga ana ɗaure dattawa a gabansa bai ƙifta ba, ranar suka san yana da hawaye. Ya dafa kafaɗar Nomau ya yi dogon jawabi.

"Ya ce hannunka yana da albarka," in ji Alkasum, yana kallon ƙasa. "Ya ce ka fita daga aikin tilas."

Nomau ya buɗe baki zai yi godiya.

"Ka zama ma'aikacin gida na dindindin. Ga hula."

"Malam, gaya masa gonata..."

"Na gaya masa. Ya ce mutum irinka ya wuce gero."

Washegari da la'asar gabas ta yi baƙi. Masu fasa dutse, da aka sallama tun safe, sun riga sun kama hanyar Tirmini. Iska ta taso, Nomau yana bin tagogi yana rufewa don kada ta kaɗa Madam. Ruwa ya tsuge. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ya tsaya da jar hula a ka, yana ganin Kulu a ransa, gobe da sassafe, ita ce sara ita ce zuba iri.

Alkasum ya shigo yana kakkaɓe riga. Ya dubi tulun da ke cike a gefen tukunya.

"Ni da ni ne, da na juye mata wannan duka don haushi, in ƙara da wani."

"In ƙara mata daɗi?" Nomau ya janye tulun can nesa da ita, ya nuna ta da yatsa. "Na yi miki sassauci ne, ina jiƙa ƙyalle sosai. Daga yau sai kin manta kamannin ruwa. Mu gani, ni da ke, wa zai riga gajiya."

A can sama, kusa da azara, wani sabon ganye ya fara warwarewa.