Birkin Vitomir

"Taka! Ƙara takawa! To riƙe nan, kar ka saki!"

Ina kujerar direba, ƙafata a kan birki, maƙwabcina Vitomir kuwa yana kwance ƙarƙashin motar yana fitar da iska daga bututun man birki.

"Shekara talatin kana taka keken gidan waya, Stanoje, amma birki ya gagare ka?"

"Fito ka taka da kanka mana, tsohon banza."

Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari. Na jira har ya lafa.

Motar 'yar ƙarama ce fara, irin wadda muke kira Fića. Ya saye ta shekarar da ya auri Milunka, kuma tun lokacin ko noti ɗaya bai yarda an canja mata da na wata mota ba. Shi ya sa na yi mamaki da ya dawo daga asibitin birni da bazara, ya leƙo ta shingena ya ce in zo mu farke motar ƙanensa marigayi, wadda ta daɗe tana tsatsa a gonar tuffa, kaji na ƙwai a cikinta. Muka ciro faifan birki biyu na gaba, da ƙarafan da ke matse su, da tukunyar man birki. Wai zai cire wa tasa motar tsohon birkinta mai siffar ganga ya sa na faifai.

Kayan ba su hau ba. Mako uku ya yi yana goge wani ƙarfe da magagari kafin ramuka suka daidaita. Talata da Juma'a kawai muke aiki, ranakun da Milunka ke bin bas ta kai cuku kasuwa.

Da ya jawo jiki ya fito ran nan, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina.

"Maƙwabci, me gangar ta yi maka bayan shekara arba'in?"

Ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Likita ya ce ba zan ga tsinkar tuffa ba. Bas kuma daga kaka za ta daina hawowa nan. Ka san gangarenmu, kwanar hanya goma sha ɗaya kafin gari. Ganga in ta ɗau zafi sai ta daina kamawa. Ni na iya lallaɓa ta, in rage giya tun daga sama. Milunka ce za ta riƙa tuƙi, ita kuwa ba ta iya wannan ba."

Muna haka ƙofar gareji ta buɗe, sai ga Milunka da kwandonta, ta dawo da wuri. Vitomir ya tura sufana ƙarƙashin cinyarsa kamar wanda aka kama da sata.

"Ɓoye me kake?" in ji ta. "Wa kake zaton yake wanke rigunan nan?"

Ta fita, ta dawo da bargo ta shimfiɗa a simintin ƙarƙashin motar.

"In za ka kwanta, kwanta a kan wannan. Kai kuma Stanoje, gahawarka da sukari ko babu?"

Kwana tara bayan haka ya rasu, ranar Lahadi da hantsi, yana zaune a bencin ƙofar gida. Motar na kan katakai, bai kai ga gwada ta ba. Ni na mayar da tayoyin gaba, na ɗaure notin da duk ƙarfin da ya rage mini.

Ranar arba'in Milunka ta ƙwanƙwasa mini taga da makullin motar. Na ce mu kira wani ya kai mu maƙabarta.

"Shiga, ka riƙe mini wannan," ta ce, ta miƙo kwanon dafaffiyar alkamar da za a raba a kabari.

A kwanar farko ta taka birki da ƙarfi, irin yadda ta saba ganin Vitomir yana yi wa tsohon, sabon ya cafke nan take, har goshina ya kusa bugun gilashi.

"Kai, Vitomir!" ta ce, cikin faɗa.

Daga nan ta sassauta ƙafa. Muka sauko a hankali, ina ƙirga kwanonin hanya a zuci. A ƙofar maƙabarta ta tsaya daidai gefen katanga, ta kashe inji. Dangi na jira a ciki da kyandirori. Ba ta fita ba tukuna. Ta zauna hannu biyu a kan sitiyari, kwanon na cinyata da sauran ɗuminsa, daga ƙarƙashinmu ƙarfe yana 'yar ƙara ƙas, ƙas, yana hucewa.