Muryar Mai Takaba

Ran Litinin saƙon ya iso wa Zakiyyu. Masu tantancewa sun dawo masa da aikinsa. Wai sashen lambobi duk ƙarar janareta ce a ƙarƙashinsa, sai an sake ɗaukar muryar. Ga shi ran Alhamis za a rufe ƙofa.

Aikin nasa dai sa wa kwamfuta baki ne. Akwai wata babbar manhaja, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, da 'yan sa-kai na ko'ina a duniya suke ginawa kyauta. Shekara bibbiyu suke fitar da sabuwa, kuma kafin fitarwa akwai ranar da suke daina karɓar sabon abu, ko na wane ne. Zakiyyu, daga ɗan shagonsa na gyara a Daura, ya ɗauki nauyin muryar Hausa mai karanta wa makafi abin da ke kan allo.

Ba neman suna ya kai shi ba. Matarsa Ummukulsum malamar Hausa ce, hawan jinin ido ya cinye ganinta saura ƙiris. Makarantarsu ta mayar da jarrabawa da maki cikin kwamfuta, ba a kuma ɗora komai sai abin da ya fito a hukumance. Muryar Turancin da ke ciki kuwa, in ta kama Hausa sai ka ce tsakuwa take taunawa. Shugaban makarantar ya yi mata kara zuwa zango mai zuwa. In ba ta iya aikin da kanta ba, sai zaman gida.

Sake ɗauka ba wani abu ba ne, da mai muryar tana kusa. Murja ce, aminiyar Ummukulsum, mai murya garau. To mijinta ya rasu, tana takaba a gidan iyayensa a Baure, sai wata mai kamawa za ta fita.

Ya rubuta wa mai kula da fitarwa, wata mata a can ƙetare, ya zayyana mata takaba tun daga tushe. Ta yi ta'aziyya mai kyau, ba laifi. Sannan ta ce tun bara aka sa ranar, dubban mutane sun tsara aikinsu a kanta, ya jira fitowa ta gaba. Shekara biyu ke nan, ta faɗa kamar gobe. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ran Laraba suka nufi Baure shi da Ummukulsum. Ta shige wajen mata, shi ya durƙusa a zaure gaban Malam Maharazu, surukin Murja. Ya yi gaisuwa, ya yi bayani, ya roƙa. Tsohon ya ce bai ce haramun ba ne, amma a gidan nan ba a taɓa ɗaukar muryar mai takaba an yaɗa duniya ba.

"Baba, ranar ba ta ɗaguwa," in ji Zakiyyu.

"Taku da mutane suka sa ba ta ɗaguwa, sai tamu da Allah ya sa?"

Zakiyyu ya sunkuyar da kai, yana jin komai ya ƙare.

A ciki kuwa Ummukulsum ta yi niyyar ba za ta ta da maganar ba. Sai da za ta zauna ta yi karo da tulu. Murja ta kama hannunta, ta tambaya ko aikin ya fita, nan kuka ya ƙwace wa Ummukulsum. Murja ta aika wa surukinta cewa a ɗaki za a ɗauki muryarta, ko ƙofa ba za ta leƙa ba, kuma ladan abin ta bai wa marigayi. Tsohon ya miƙe ya ce shi ya tafi masallaci, bai ji ba bai gani ba.

Aka jingina katifu a bangon ɗaki don tare hayaniya. Ummukulsum ta riƙe na'urar ɗaukar murya, Murja ta yi ta ƙirga har magariba, Zakiyyu na zaure yana safa da marwa. Washegari ya gyara, ya tura, sabis na ɗaukewa yana dawowa, shi kuma yana ta salati. Bayan la'asar aka karɓa.

Da manhajar ta fito, ya raka Ummukulsum makaranta ya sa mata abin ji a kunne. Ta danna, muryar ta kira sunan ɗaliba fes, irin ta da. Da ta zo kan maki sai ta sauya, ta dushe, ta yi ƙasa-ƙasa.

Ummukulsum ta zare abin daga kunnenta. Zakiyyu ya tsorata, ya tambaya ko wani abu ya lalace.

"Yana aiki," ta ce. "A kan arba'in ɗin nan ne Murja ta tsaya ta share hawaye. Kullum sai na ji ta ke nan."

Ta mayar da shi kunne, ta ci gaba da shigar da maki.