Ɗaya Cikin Goma Sha Biyu

Shekara biyu da rasuwar Kaka Limbong, amma bisa al'adar garinsu gawarta tana nan kwance a ɗakinta ana ce mata mara lafiya, ana kai mata kofi safe da yamma, har dangi suka gama tara ɓaunayen yanka. Yanzu baƙi sun cika rumfuna, an ci an sha, saura gobe a kai ta kogon dutse da ke tsallaken kogi. Hanya biyu ce: gadar lilo, minti biyar, ko a zagaya ta mashigi, tafiyar awa uku a ƙafa.

Jikarta Damaris injiniya ce a birnin Makassar, aikinta auna haɗarin gadoji, kuma tun ran da ta iso gadar nan ta tsaya mata a rai. Kwana uku ana hidima, ita tana bakin kogi tana kankare tsatsa da wuƙa. Abubuwa da yawa ba ta da tabbacinsu: iya zurfin tsatsar, nauyin makara, yawan masu ɗauka, ƙarfin tsallen da za su yi. Sai ta ba manhajar kwamfutarta kowanne daga mafi ƙaranci zuwa mafi muni, ta sa ta tsallakar da Kaka sau dubu goma. In an bi a hankali, gadar takan tsinke sau ɗaya cikin ɗari huɗu. In an yi rawa da makarar yadda aka saba, sau ɗaya cikin goma sha biyu.

Da yamma ta sami Kawu Sampe, yayan mahaifiyarta, wanda komai na jana'izar ke hannunsa. Yana zaune cikin dattawa da baƙin zani, sigari a baki. Ta durƙusa ta yi masa bayani.

"To 'yar boko," in ji shi, "za ta faɗi ko ba za ta faɗi ba?"

"Ba haka abin yake ba, Kawu. Cikin tsallakawa goma sha biyu..."

"Sau ɗaya za mu tsallaka, 'yar nan. Uwata ɗaya ce." Dattawa suka kwashe da dariya. "Kin ce goma sha ɗaya lafiya lau, ko? Ni ko zakaran faɗa ne aka ce min zai ci goma sha ɗaya cikin sha biyu, ai har hulata zan sa a kansa."

"Ba zakara ba ne a kai, Kawu. Yaya Marten ne da sauran masu ɗaukar makara, su arba'in."

 Kawu bai ji daɗin a mayar masa da magana gaban mutane ba, amma ba wawa ba ne. Ya ce baƙi sun zo daga nesa, ba zai ja tsofaffi awa uku cikin taɓo saboda abin da na'ura ta yi mafarkinsa ba. Abin da zai iya shi ne ya hana samari rawa a kan gada. Damaris ta san samarin garinsu, ta kuma san bammi. Ta yi godiya ta tashi.

Washegari da hantsi ta riga kowa tsallakawa. A can ƙetare manyan igiyoyin ƙarfe biyu suke shiga ƙarfen matsewa a jikin wani dunƙulen kankare, ta hagun ce ba ta yarda da ita ba. Ta ciro kwalbar jan farce daga jaka, ta ja layi a jikin igiyar daidai bakin matsewar. Muddin layin na manne da ƙarfen, igiya ba ta zame ba. Ta tsuguna a wurin.

Mata ne suka fara isowa, riƙe da dogon jan ƙyalle bisa kawunansu, mahaifiyarta a tsakiya. Suka wuce goma-goma kamar yadda ta roƙa. Layi bai motsa ba. Sai ga makara, mai rufi irin na gidan kakanni, a kan gorori masu kauri, maza arba'in a ƙarƙashinta sun jiƙe sharkaf da gumi da taɓon da suka watsa wa juna a hanya. Marten na gaba ta hannun dama. Kawu ya daka musu tsawa a bakin gada, suka shigo a hankali, katako na kuka.

Har tsakiya lafiya. A nan wani daga baya ya ƙwalla ihun rakiya, wani ya amsa, kuma shi ke nan. Kaka mace ce mai son wasa, wa zai kai ta gidanta na ƙarshe shiru kamar ɓarauniya? Suka ɗaga makarar sama, suka sauke, na baya suka tura, na gaba suka turje. Gadar ta fara amsawa, tana nutsewa tana tasowa tare da su.

"Yaya Marten! Ku daina! Ku taho!"

Muryarta ta ɓace cikin ihu. Ta sa tafin hannu a kan igiyar, ta ji tana kaɗawa har cikin haƙoranta. Sai wata ƙara siririya, ƙii, layin ya rabu da ƙarfen da faɗin yatsa ɗaya. Suka sake tsalle. Yatsa biyu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta rungume igiyar da hannu biyu tana ja, ita da ta fi kowa sanin cewa ƙarfinta ba komai ba ne a nan. Tana kallon bakin yayanta a buɗe yana dariya.

Suka fito. Ɗaya bayan ɗaya ƙafafu suka taka ƙasa, makara ta wuce ta gefenta, Marten ya shafa mata taɓo a kumatu yana cewa, "Injiniya, ba ki mutu ba dai?" Sauran jama'a suka biyo a guje, mutum wajen ɗari uku, suka haura dutse.

Kawu Sampe ne ya tsallako a ƙarshe, yana dogara sanda, fuskarsa fal murmushi.

"Ina na'urar taki? A gaya mata mun iso. Watan gobe ma ta nan za mu bi da mamacin gidan Pong Rante, har da ɓauna."

Damaris ta miƙe. Ta kama hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ja shi zuwa dunƙulen. Ta nuna masa jan layin, ta nuna masa inda yake ɗazu. Tsakaninsu ƙarfe ne fari tas, sabon fitowa, wanda rana ba ta gani ba shekara talatin. Ya ɗora yatsunsa a kai. Uku suka shige.

Ya daɗe a sunkuye. Can sama ana jin waƙar fasto da amshin mata. Nan da awa guda duk za su sauko, a gajiye, da bammi a ciki, kowa na son gida.

"Yanzu nawa ne cikin nawa?" ya tambaya a hankali.

"Ban sani ba, Kawu. Gadar da na lissafa ba ita ce wannan ba kuma."

Ya gyaɗa kai. Ya jefar da sigarin ya murje shi da ƙafa.

"Goma sha ɗayan na ji jiya," in ji shi. "Ɗayan ban ji ba."

Ya taka zuwa bakin gadar, ya gitta sandarsa tsakanin turaku biyu, ya tattara zaninsa ya zauna a ƙasa, bayansa ga kogi, fuskarsa ga hanyar da mutanensa za su sauko.

"Je ki ki binne kakarki," ya ce. "Ni na riga na yi mata sallama."